Ni na buɗe zauren, me ya hana ni goge shi?

Tambaya: "Assalamu alaikum. A wurin aikinmu da Slack muke tattaunawa. Watanni takwas da suka wuce na buɗe wani zaure saboda wani aiki da nake jagoranta. Yanzu aikin ya ƙare, na je zan goge zauren, sai na tarar babu maɓallin gogewa ko kaɗan, na jinginewa kawai nake gani. Ni fa na buɗe shi, ni na zuba mutane a ciki. Matsala ce daga manhajar, ko an rage mini iko ne ban sani ba? Kuma yaya zan yi in kawar da shi?"

Wa alaikumus salam, malam. Kwantar da hankalinka, manhajar lafiyarta ƙalau, kuma babu wanda ya bi ta bayan fage ya rage maka wani abu. Dama can ba ka taɓa samun wannan ikon ba, sai yau ne kawai ka neme shi. Haka aka gina Slack: mamba na yau da kullum zai iya buɗe zaure, wato abin da manhajar ke kira channel, ya raɗa masa suna, ya gayyato abokan aiki, kuma in masu kula da dandalin ba su toshe ba, zai iya jingine shi in an gama da shi, wato ya rufe shi ya ajiye gefe ba tare da saƙonnin sun ɓata ba. Amma gogewa ɗungurum tana hannun rukuni biyu ne kawai, mamallakan dandalin da kuma admin.

Matakan iko a can kamar tsani suke. A sama akwai babban mamallaki, shi kaɗai ne, kuma shi kaɗai zai iya rushe dandalin kamfanin gaba ɗaya ko ya miƙa wa wani ragamarsa. Ƙarƙashinsa akwai sauran mamallaka, sai admin, sai cikakkun mambobi irinka, sai baƙi a can ƙasa, waɗanda aka ba su shiga zaure ɗaya ko 'yan zaurukan da aka zaɓar musu. Baƙo ko jinginewar ma ba ya iyawa. Abin lura a nan shi ne "wanda ya buɗe zaure" ba ya cikin matakan tsanin nan da ke ba da ikon gogewa. Sunanka yana nan a rubuce a matsayin wanda ya ƙirƙiro shi, amma wannan ba ya ba ka ikon gogewa.

Na san abin yana da ɗan ciwo. Mutum ya saba da cewa abin da ya ƙirƙira a waya ko a kwamfuta nasa ne, in ya ga dama ya share. To amma ka tsaya ka duba abin da ke cikin zauren nan naka bayan watanni takwas. Saƙonni nawa ne naka a ciki? A ciki akwai inda wata abokiyar aikinka ta ce ta amince da canjin da aka kawo, akwai inda shugabanku ya ce a ɗage ranar miƙa aiki, akwai inda wani ya bayyana dalla-dalla yadda ya warware wata matsala da ta hana ku barci kwana biyu. Kai ka buɗe ƙofa, amma kayan da ke ciki na mutane da yawa ne, kuma a idon doka da na kamfani, duka na kamfanin ne. Ranar da ka latsa gogewa ba naka kaɗai za ka goge ba.

Sannan gogewa a Slack ba ta da gyara. Wannan shi ne ginshiƙin maganar. Babu kwandon shara da za a koma a tono. Idan admin ya danna sunan zaure a sama, ya shiga saiti, ya gangara can ƙasa zuwa jan rubutun nan na Delete, wani akwati ne ke fito masa yana gargaɗinsa cewa za a kwashe duk saƙonnin zauren nan take kuma ba za a iya dawo da su ba. Akwatin har shawara yake ba shi, cewa zai iya jingine zauren a maimakon haka. Maɓallin ƙarshe ba ya aiki sai ya sa alama a wani ɗan gurbi da ke cewa e, ya yarda a goge har abada. Kamfanin da ya yi manhajar da kansa yana riƙe hannun admin yana tambayarsa ko ya tabbata. To ina ga a ce an sakar wa ma'aikata ɗari biyar wannan maɓallin, har da wanda ya fara aiki jiya da wanda aka ba takardar sallama yau da safe?

Na taɓa ganin abin da idona a wani wurin da na yi aiki. An wayi gari wani daga cikin admin ya ga jerin zaurukan ya yi tsawo, ya ce zai yi shara. Niyyarsa mai kyau ce. Ya bi duk zauren da aka yi wata shida ba a ce komai a ciki ba yana gogewa, ciki har da wani mai suna kamar na gwaji, alhali a nan ne aka yi duk maganar wani abokin ciniki. Ba a lura ba sai bayan watanni, da abokin cinikin ya dawo yana cewa ba haka aka yi da shi ba. Manajar da ke riƙe da aikin ta san an yi maganar, ta tuna har ranar, ta rubuta sunan kamfanin a gurbin bincike ta latsa, allo ya nuna mata babu sakamako. Ta sake rubutawa da wani harafin, babu. Na ga yadda ta zauna shiru tana kallon allon. Ƙarshe sai da aka yi yini guda ana bin wayoyin mutane ana neman wanda ya taɓa ɗaukar hoton allo. Garin neman gira aka rasa ido. Kuma wannan admin ne, mutumin da aka yarda da shi.

Masu tsaron kwamfuta suna da tsohuwar ƙa'ida a kan haka, wadda Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka zayyana tun 1975: a ba kowane mutum da kowace manhaja mafi ƙarancin ikon da aikinsu ke buƙata, kada a ɗora ko kaɗan a kai. Ba zargin kowa ake yi ba. Lissafin shi ne, duk asusun da ke da ikon rushe abu, ranar da aka sace kalmar sirrinsa ɓarawon ya gaji wannan ikon. In asusunka ba ya iya goge zaure, to wanda ya sace shi ma ba zai iya ba. Ta wannan fuskar rashin maɓallin kariya ce gare ka, domin ba za a taɓa wayar gari a ce da sunanka aka share tarihin wani sashe ba.

Akwai kuma ɓangaren shari'a, wanda yawancin ma'aikata ba sa tunawa da shi sam. Hirar wurin aiki yanzu hujja ce a kotu, daidai da wasiƙa ko imel. A Amurka, a watan Disamba na 2021, bankin JPMorgan ya biya tarar dala miliyan 200 saboda ma'aikatansa suna maganar aiki ta hanyoyin da bankin bai adana ba, irin su WhatsApp da saƙon waya. A watan Satumba na 2022 hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari ta ci wasu kamfanonin kuɗi 16 tarar da ta haura dala biliyan 1.1 a kan irin wannan laifi. A watan Maris na 2023 wani alƙali a jihar Kalifoniya, James Donato, ya samu Google da laifin rashin adana hirarrakin ma'aikatansa, waɗanda tsarinsu ke gogewa da kansa bayan awa 24, alhali ana cikin shari'a. A watan Janairu na 2024 kuma hukumar FTC mai sa ido kan gasar kasuwanci da ma'aikatar shari'a ta ƙasar suka fito ƙarara suka ce wajibcin adana takardu lokacin bincike ya haɗa da saƙonnin manhajojin aiki irin su Slack da Teams. Mai yiwuwa kamfaninku ba banki ba ne kuma ba a Amurka yake ba, amma manhajar don irin waɗannan kamfanonin ma aka yi ta, su ne ke biyan kuɗi mafi tsoka. Ba za su sayi kayan aikin da kowane ma'aikaci zai iya ɓatar da hujja da latsawa biyu ba.

Kada kuma a ɗauka ajiye komai har abada shi ne daidai. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, cewa ta yi kada a riƙe bayanan mutane fiye da lokacin da ake buƙatarsu. Wato gogewa ma tana da ranarta. Sai dai kamfani ne ya kamata ya yanke yaushe, bisa tsarin da ya rubuta, shi ya sa a tsare-tsaren Slack na biya akwai wurin da mamallaki ke saita tsawon lokacin da saƙonni za su zauna kafin su goge da kansu. Yanke wannan hukunci ba aikin wanda jerin zaurukansa ya dame shi ba ne.

Shi kansa admin ɗin ba sakaka aka bar shi ba. Babban zauren da kowa ke ciki, wanda aka fi sani da general, ba ya goguwa kuma ba ya jinginuwa ko a hannun babban mamallaki. Suna kawai za a iya canza masa. Zauren sirri kuwa, admin da ba ya ciki ba ya ma ganin abin da ake faɗa, don haka ta hanyar da aka saba sai an gayyace shi ya shiga kafin ya iya gogewa. Manyan tsare-tsaren biya ne ke da wani shafi na daban inda masu kula ke sarrafa zaurukan daga sama. In zauren na haɗin gwiwa ne da wani kamfani, ta Slack Connect, to kamfanin da ya buɗe shi ne mai shi, ku naku shi ne ku janye ɓangarenku. Idan kuma kana da ɗan sanin rubuta manhaja kana tunanin zagayawa ta baya da bot, kada ka wahalar da kanka. Umarnin jinginewa yana nan a buɗe ga manhajojin da aka ba izini, amma na gogewa, admin.conversations.delete, an keɓe shi ga kamfanonin da ke kan babban tsarin biya na Enterprise, kuma sai da izinin admin na ƙungiyar gaba ɗaya.

Kowace manhaja da yadda ta warware wannan. Microsoft Teams, wadda ta fito a 2017, ta bi wata hanyar: mai ƙungiya yana da wani gurbi a saitin izinin mambobi da zai sa wa alama ko ya cire, na barin mambobi su goge zaure su kuma dawo da shi. Sun iya sakin hannu haka ne saboda gogewarsu tana da wa'adi. Zauren da aka goge yana zama 'yan makonni a wani jeri na daban, inda za a iya maido shi da duk hirarsa, kafin ya tafi gaba ɗaya. Ita ma dai ta daɗe tana hana taɓa zauren General. A manhajar hira ta Discord kuwa izini ɗaya ne ya haɗa buɗe zaure da gyara shi da goge shi, kuma in an goge an goge. Shi ya sa masu kula da manyan dandali a can suke taka-tsantsan da wanda za su ba wannan izinin. In ka jera su uku za ka ga abu ɗaya ne ke juya su: inda ake iya gyara kuskure ana sassauta izini, inda ba a iyawa ana ƙuntata shi ko a sha wuya. A ganina tsarin Teams ya fi tausayin ɗan Adam a nan, domin ya san mutane na kuskure ya bar musu ƙofar dawowa. Amma tunda Slack ba ta da wannan ƙofar, ƙuntatawar da ta yi ita ce daidai.

To yanzu me za ka yi?

Ka jingine shi. Wannan maɓallin Archive da kake gani ka raina, shi ne ainihin abin da kake nema. Ka tambayi kanka me ke damunka da zauren. Yana cika maka gefen allo, mutane na iya ci gaba da zuba magana a inda ba mai dubawa, sabon ma'aikaci na iya faɗawa ciki ya ɗauka aikin na nan da rai. Jinginewa ta magance duka ukun. Zauren zai ɓace daga jerin kowa, ba mai iya rubuta sabon saƙo a ciki, amma tsoffin saƙonnin suna nan, bincike na kamo su, kuma in buƙata ta taso a dawo da shi cikin daƙiƙa kaɗan. Kafin ka latsa, ka yi abu biyu. Ka rubuta saƙon ƙarshe mai cewa aikin ya kammala, ga inda rahoton ƙarshe yake, ga wanda za a tuntuɓa in akwai tambaya. Wanda zai zo bincike bayan shekara biyu zai sa maka albarka. Sannan ka duba ko akwai wata manhaja da ke turo sanarwa cikin zauren kai tsaye, kamar ta sa ido kan manyan kwamfutocin kamfani ko ta karɓar koken abokan ciniki. Da zarar an jingine zaure saƙonninta ba za su ƙara shiga ba, kuma ba lallai wani ya lura ba sai ranar da aka nemi gargaɗin da bai iso ba. Ka karkatar da ita wani zauren tukuna.

In ma jinginewar ka ga ta yi yawa, domin wasu na amfani da zauren jefi-jefi, kana iya ficewa kai kaɗai ko ka kashe sanarwarsa.

Akwai lokutan da gogewar ce ta dace, ban musa ba. Zauren gwaji da aka buɗe aka rubuta "test" sau uku aka watsar. Zauren da aka buɗe sau biyu bisa kuskure. Zauren da aka zuba bayanan da bai kamata su zauna a can ba tun farko. A irin wannan sai ka tura wa admin buƙata, kuma ka sauƙaƙa masa aiki. Kada ka rubuta "don Allah a goge mini zauren nan" ka tsaya. Ka ce masa wani abu kamar haka: "Barka da aiki. Ina neman a goge zaure kaza. Ni na buɗe shi ranar kaza don gwaji, mutum uku ne a ciki, duk na tambaye su sun amince, babu wata shawarar aiki ko maganar abokin ciniki a ciki. In ka fi son a jingine shi kawai, ba damuwa." Admin da ya ga wannan ya san ka yi tunani, kuma yana da abin nunawa in an tambaye shi gobe. In na sirri ne, ka haɗa da gayyatarsa ciki.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka nemi a mai da kai admin don wannan. Na sha ganin haka: a ba mutum matsayin "na ɗan lokaci" don ya goge zaure ɗaya, a manta, shekara uku yana nan da ikon cire mutane daga dandali da canza saitin kowa. Admin nagari zai ƙi, kuma bai yi maka laifi ba.

Wani kuskuren da ya fi wannan haɗari: idan dalilin son gogewar shi ne wani ya manna kalmar sirri ko mabuɗin shiga wani tsari a cikin zauren, to gogewa ba magani ba ce. Magana zarar bunu ce. Duk wanda ke zauren ya riga ya gani, sanarwa ta riga ta sauka a wayoyi, wataƙila har imel. A canza kalmar sirrin nan take, sannan a goge saƙon guda ɗaya, wanda shi mai saƙon ma yawanci zai iya yi da kansa. Ba sai an rushe zaure ba. Haka kuma ka sani goge zaure ba ya goge fayilolin da aka ɗora a cikinsa. Akwatin gargaɗin nan da na ambata yana faɗin haka a fili. In wata takarda ce ake son ta ɓace, sai an bi ta an goge ta daban. A Teams ma haka ne, fayilolin zaure na gama-gari suna zaune a SharePoint ne, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft, ba sa tafiya tare da hirar.

In kuwa akwai wata rigima a ƙasa da ta shafi aikin, ko ƙorafin ma'aikaci, ko takaddama da abokin ciniki, ko ka ji ƙishin-ƙishin lauyoyi sun shigo, kada ka nemi a goge komai, ko da zuciyarka fari tas take. Gogewa a irin wannan lokaci kamar ɓoye hujja take a idon wanda zai zo bincike, kuma wahalar wanke kai ta fi ta barin zauren a inda yake.

Ga admin da zai karanta wannan, kalma biyu. Kafin ka goge duk wani zaure na gama-gari da aka taɓa yin aiki a ciki, ka fitar da kwafin saƙonnin ka ajiye. Slack na ba mamallaka da admin damar fitar da na zaurukan gama-gari, na sirri kuwa sai a manyan tsare-tsare kuma da sharuɗɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, in dandalinku na kyauta ne, kada ka ɗauka jinginewa ajiya ce ta dindindin. Tun watan Satumba na 2022 tsarin kyauta saƙonnin kwana 90 na baya kawai yake nunawa, kuma daga 26 ga Agusta 2024 Slack ta fara goge saƙonni da fayilolin da suka haura shekara ɗaya a irin waɗannan dandali. Zauren da ka jingine zai kasance a jeri, amma cikinsa na zubewa a hankali. Abin da ke da muhimmanci a kwashe shi zuwa inda kuke ajiye takardu.

Saura abu ɗaya da zai iya ba ka mamaki nan gaba, malam. Zauren da aka jingine yana riƙe da sunansa. In baɗi aka sake irin wannan aikin ka zo buɗe sabon zaure da sunan nan, manhajar za ta ce maka an riga an ɗauka, kai kuma ka duba jeri ba ka ga kowa da shi ba. Mutane da yawa a nan ne suke komawa wurin admin suna neman a goge tsohon. Ba sai an kai ga haka ba. Tun yanzu, kafin ka jingine shi, ka canza masa suna ka ƙara shekara a ƙarshe, ko ka sa masa "tsoho" a gaba. In ka riga ka jingine, ka dawo da shi, ka canza sunan, ka sake jinginewa, sunan farko ya kuɓuta ke nan.